Ranar Da Na Ɓoye Wa Ƙauye Cewa Fim Muke Ɗauka

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla, kuma a sakaya sunana, ba don ina tsoron kowa ba, sai don akwai mutanen da ban nemi izininsu ba. Lokacin da abin ya faru ni sabuwar furodusa ce a nan Bauchi, mai ji da kanta. Ba da takarda na shiga harkar fim ba, da tukunya na shiga. Ni nake dafa wa ma'aikata shinkafa da wake in kai musu wurin aiki, daga baya na koma kula da kayan sawar 'yan wasa. Sai da na yaye 'ya'yana duka sannan na shiga makarantar manya ta yamma, har na iya karanta labarin fim da kaina ba sai an karanta min ba. Shi ya sa da na samu na fara shirya fim nawa, ba abin da na tsana irin a ce wance ta kasa. Ina da baki, ina da zafi, wanda duk ya ce min ba a yin abu kaza sai in ce to a kaina za a fara.

Fim ɗin a kan masu garkuwa da mutane ne, kuma akwai wurin da za a tare wata mata a kan babur a hanyar gona, a ja ta cikin dawa. Na samo wata siririyar hanya a wani ƙauye gaba da Miri, dawa ta fi tsayin mutum dama da hagu. Duk mai wannan sana'a ya san ƙa'ida: kafin ka sauke kyamara a garin mutane sai ka je ka gaida mai unguwa, shi kuma ya sa a faɗa a masallaci, a gaya wa 'yan banga. Na sani sarai. Amma na kuma san abin da sanarwar take jawowa. Ba a daɗe ba muka yini a Gwallameji ba mu ɗauki abin kirki ba, wannan yana ɗaga hannu a bayan ɗan wasa, wayar wancan tana ƙara, mai rake ya zo ya kafa baro a tsakiyar hoto. Darakta ya ce da ni, wai Hajiya in aka sake tara masa kasuwa irin ta rannan, shi ya ajiye aikin. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba wanda zai san mun zo. Mai gonar kaɗai na kira a waya, shi kuma ma'aikaci ne a cikin gari. Mai ɗaukar sautinmu ya ce Hajiya wannan ganganci ne fa, lokacin cirar gyaɗa ne, jama'a suna gona. Na ce in tsoro yake ji ya zo in ara masa zani ya koma gida. Aka yi dariya.

Wanda zai fito a matsayin ɗan garkuwar maƙwabcina ne, magidanci, Kirista daga kudancin jiharmu, mutum mai sanyin hali da yake kirana Mama. Ya daɗe yana roƙona in sa shi a fim ko sau ɗaya ne, 'ya'yansa su gan shi a talabijin. Wannan ne karonsa na farko. Darakta ya yi ta nanata masa cewa ko me ya gani kada ya tsaya, kada ya waiga, ya ci gaba da wasa har sai ya ji an ce kat, wato a dakata. Ni da hannuna na ɗaure masa baƙin ƙyalle a fuska, na ƙulle shi tam ta baya don kada ya zame. Bindigar ta katako ce da aka shafa wa baƙin fenti, amma daga nesa ba mai cewa ba ta gaske ba ce. Kuma daga nesa darakta yake son hoton, saboda haka aka kai kyamara can kan wani tudu a cikin dawa, mu duka muka durƙusa a bayanta, motarmu ma an ajiye ta inda ba a hangenta. Wanda ya fito kan hanyar nan ba abin da zai gani sai mutum ɗaya da bindiga.

Babur ya taho, maƙwabcina ya yi tsalle ya tare hanya, ya fizgo 'yar wasan. Yarinyar ta iya aikinta, ta ƙwalla ihu tana kiran jama'a su cece ta, har ni sai da tsigar jikina ta tashi. Sai muka ji an amsa. Ihu daga wannan gona, ihu daga waccan, dawa ta fara motsi ta ko'ina. Maza suka ɓullo kan hanya da adduna da fartanyu, ɗaya riƙe da bindigar adaka. Mai babur ya yar da shi ya tsere. Darakta ya miƙe yana ta ihun kat, kat, amma nisan da shi ya nema da hayaniyar mutane suka haɗiye muryarsa. Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne, bawan Allahn nan ya ɗauka mutanen namu ne, cikin shirin fim suke. Bai gudu ba. Ya ɗaga bindigar katako ya nuna su, ya daka musu tsawar da muka koya masa, wai duk wanda ya matso gawa ne.

Ban san yadda na keta dawar nan ba, ganye yana yanka min fuska, takalmi ɗaya ya cire. Da na isa yana ƙasa, ƙyallen yana nan a fuskarsa, wani yana cewa a tsiyayo mai daga babur ɗin. 'Yar wasan tana kuka tana rantsuwa fim ne, su kuwa suna ce mata ta yi shiru 'yar nan, Allah ya kuɓutar da ita, firgita ce. Na faɗa a kansa na rufe shi da jikina. Wani ya ce ga mai kai musu abinci nan ta fito, a haɗa da ita. Sanda ta sauka a gadon bayana. Na lalubo bindigar na maka ta da dutsen gefen hanya, ta karye, farin katako ya bayyana. Daidai nan mai ɗaukar hoto ya iso a guje, ya ɗaga kyamara sama da kansa kamar mai miƙa wuya. Ba nan take aka yi shiru ba, na baya suna ta turowa suna cewa a gama da shi, sai da na gaba suka juya suka tare su.

Da hannun dama maƙwabcina ya kare saran da aka kai masa a ka. Na sa haƙori na kwance ƙullin da na yi, fuskarsa ta fito, jini ko'ina. Abin da ya fara tambayata shi ne, wai Mama, an ɗauka ko sai an sake? Mai unguwa ya iso muna ɗaure hannun da mayafina. Bai ɗaga min murya ba. Ya nuna min wanda ya yi saran, yana zaune a ƙasa ya dafe kai, ya ce bara a kan wannan hanyar aka ɗauke ƙanin mutumin, har yau ba labari. Ya ce baiwar Allah, da na zo wurinsa, da shi da kansa zai kore min 'yan kallo, ya tsayar min da 'yan banga a bakin hanya. Muka sa maƙwabcina a mota muka nufi gari.

A asibiti an ceci ransa, amma hannun bai koma daidai ba, yatsun ba sa riƙe komai. Aski yake yi a wani shago kusa da Shadawanka, dole ya bar wa wasu. Matarsa ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Tambayata kawai ta yi, wai Mama, da ɗanki ne zai sa baƙin ƙyallen nan, za ki ɓoye wa mutanen gari? Na ce mata a'a. Ba zan iya yi mata ƙarya ba.

Har yanzu ina cikin sana'ar, kuma ina kira ga 'yan'uwana masu shirya fim, musamman sababbi masu zafin kai irin nawa na da. Aikin furodusa ba hoto mai kyau ba ne kaɗai, aikinka kowa ya koma gidansa lafiya. In akwai makami a wasanka, ko na katako ne, ka je wurin mai unguwa da ƙafarka, ka sanar da 'yan sanda da 'yan banga, ka ajiye mutanenka a fili kusa da ɗan wasa inda kowa zai gan su. 'Yan kallo suna ɓata aiki, gaskiya ne, amma taron da ya san wasa kake yi ba ya kashe ka. Kuma ku daina gaya wa sabon ɗan wasa kada ya tsaya ko me ya gani. Ku ce masa in ransa bai kwanta da abu ba, ya yar da komai ya gudu. Maƙwabcina yana nan, muna gaisawa kullum. Duk ranar da zai miƙo min wani abu, sai ya ɗan rusuna ya ce Mama a yi haƙuri da hagu. Shi yake ba ni haƙuri.