Yatsan da Ke Bakin Randa

Har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu sai in kawar da kai. Mutane na cewa ƙamshi ne mai daɗi, to, su suka sani. Ni dai gidanmu yake mayar da ni, wani ƙauye a bakin kogin Kwara ta yamma da Bagudo, inda idan zakara ya yi cara a ƙasar Benin muna jin sa muna kwance.

Kakata ta wajen uba maginiyar tukwane ce, kuma 'ya'yanta maza biyu ne kacal, tagwaye: Babana da Baba Ƙarami. Idan na ce maka suna kama, kada ka ɗauka irin kamar da ake faɗa don daɗin baki ce. Ni da nake 'yar cikin ɗaya, sau nawa na rungume ƙafar ɗayan ina roƙon tsire! Su kuwa ko a jikinsu, dariya suke yi, har musanya hula suke don tsokanar matansu. Inna tana da mu huɗu. Matar Baba Ƙarami, Badandiya ce daga ƙetaren kogi, ba ta samu haihuwa ba tukuna.

Kaka tana da wata al'ada tata. Duk namijin da zai yi aure a danginmu sai ta gina wa amaryarsa randa, kafin yumɓun ya bushe ta kama babban yatsan angon ta danna a ƙarƙashin bakin randar, sannan a gasa. Ta ce ta haka ruwan ɗakin zai san mai shi. Randa ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya na ɗakin Badandiya. Muna yara mukan sa yatsa cikin ɗan ramin, mu leƙa zanen da ke ciki, a zagaye yake kamar inda ruwa ke juyawa. Na leƙa na nan, na leƙa na can, wallahi ban taɓa ganin bambanci ba.

Ina shekara bakwai, ƙarshen damina, kogi ya cika har ya ci gonakin shinkafa, su biyun suka loda busasshen kifi a kwale-kwale za su kasuwar ƙetare. Jirgin ya kife. Aka kwana uku ana nema, sai wasu masunta suka kawo mana ɗaya, sun tsince shi maƙale a reshen wata bishiya, ba riga ba hula. Ɗayan kuwa ruwa bai maido shi ba har yau.

Wanda aka kawo yana numfashi, yana cin abinci idan an ba shi, amma ba magana. In ka kira sunan Babana ya waigo, in ka kira na Baba Ƙarami ya waigo. Ya rame, fuskar ta kumbura ta saɓe. Aka tambayi Inna, ta sunkuyar da kai tana kuka. Aka tambayi Badandiya, ita ma haka. To wace ce za ta shiga takaba? Wane ne maraya a gidan nan? Liman ya ce su duka biyun su zauna kamar masu takaba har Allah ya bayyana gaskiya.

Sai Kaka ta ce a kawo mata yumɓu. Amma da ta buɗe hannunsa sai ta tarar fatar yatsun duk ta saluɓe, ruwa da ɓawon itace sun cinye ta. Ta ce a bari, fata za ta tsiro, kuma da zanenta na asali za ta dawo, ta sha gani a nata hannun idan wutar gasa ta ƙone ta. Haka muka zauna kusan wata biyu muna jiran fatar yatsan mutum. Kullum da safe sai in lallaɓa zaure inda yake zaune, in buɗe tafinsa in duba. Ina son in ce Baba, ina tsoro. Ban taɓa shiga ƙunci irin na kwanakin nan ba.

Ranar da ta zo, da hantsi ne. Aka fito da randunan biyu tsakar gida, dattawa suka kewaye. Kaka ta mulmula yumɓu, ta danna yatsansa, ta kai kusa da idonta. Ta duƙa ga randar Inna ta daɗe, ta duƙa ga ta Badandiya ta fi daɗewa. Daga nan ta ɗago ta dube mu, mu huɗu a jere jikin bango, autanmu na tsotson hannu. Ta matse yumɓun cikin tafinta, ta ce, "Babban na. Uban yara na." Wato dai Babana.

Inna ta faɗi tana hamdala. Badandiya ta shiga ɗaki ta ƙarasa takabarta, danginta suka zo suka haye da ita. Mun ji daga baya ta yi wani aure can.

Shekara goma sha ɗaya ya yi tare da mu, a ɗakin zaure yake kwana, bai taɓa neman ɗakin kowa ba. Saƙar komar kamun kifi kawai hannunsa ya tuna, ita yake yi daga safe har yamma. Na kira shi Baba, na kai masa tuwo, shi aka zaunar a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Kaka ta riga shi tafiya.

Da ciwon ajali ya kama shi na zo jinya. Wata rana bayan la'asar, ni kaɗai ce a wurinsa ina masa fifita, sai ya buɗe ido ya dube ni sosai, irin kallon da rabona da shi tun ina ƙarama. Ya ce, da murya garau, "Ɗiyata, babanki bai fito ba? Na riƙe shi, ya kuɓuce min."

Muficin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Mi ka ce, Baba?" Bai ƙara ba. Kwana biyu ya cika.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa zafin zazzaɓi ne. Sai bana da na je yin katin ɗan ƙasa a Bagudo, ma'aikaciyar ta ɗora yatsana a kan gilashi, zanen ya fito ƙato a allon na'ura. Na tambaye ta zancen tagwaye. Ta ce zanen yatsa kashi uku ne, mai lanƙwasa, mai zagaye da mai ɗan tudu, kuma tagwaye sukan zo da iri ɗaya. Bambancin yana can cikin ƙananan wurare, inda layi ya rabu biyu ko ya tsaya, sai da gilashin ƙara girma ake ƙirga su. Sai na tuna, Kaka a waccan shekarar yanar ido ta fara rufe mata gani, ni nake zura mata zare a allura.

Yanzu kam da minti ɗaya na'ura za ta raba gardamar da ta cinye mana wata biyu, kuma ba ruwanta da yara huɗu a jikin bango. Ban sani ba ko in gode wa Allah da ba ta zo da wuri ba. Idan na tuna Badandiya, da mai yiwuwa ta yi takabar miji yana zaune a zaure tana jin tarinsa, sai in ji haushin Kaka ya taso min. Idan na tuna tuwon da na kai na ce Baba, sai ya kwanta.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa, ban faɗa mata ba kuma ba zan faɗa ba. Bayan kowace sallah dai nakan ɗaga hannu in ce, Allah ka jiƙan mahaifina, kai ka san ko wanne ne.