Hannun Sista Salomi a Ƙarƙashin Lafaya

Kullum kafin a buɗe asibitin mata da ke bayan GRA, Sista Salomi ta riga ta wanke hannu, ta rataya tef ɗin tela a wuya. Ni da nake ba da kati a bakin taga haka na same ta, haka kuma ta yi ritaya a bana, 1997. Ba ta da fara'a, gaskiya. Ko gaisuwarta a taƙaice take.

Aikin da aka ɗauke ta awon jini ne. Amma duk macen da ta shigo da teɓa da hawan jini da ciwon suga, ba ta fita sai an auna ƙugunta, an kuma duba mata nono. Takan ce cututtukan nan tare suke tafiya kamar 'yan gida ɗaya, kuma wani nonon namansa a cure yake, ƙullutu kan ɓuya a ciki har hoto ya kasa nuna shi. Ko suga da ƙiba na sauya naman, wannan ta bar wa likitoci, su ma ba su gama magana a kai ba. Ita dai nata ta duba.

To, matan namu fa? A garin nan ƙiba shaida ce ta miji na riƙo da kyau, kuma dattijuwa ba ta sauke lafaya a gaban baƙuwa. Sai Salomi ta daina roƙo. Takan fitar da 'yan rakiya, ta bar mace a lulluɓe, ta kau da fuskarta bango, ta zura hannu ta ƙarƙashin lafayar.

Haka ta yi wa Ya Falmata, matar Alhaji Mukhtari dillalin shanu a nan garinmu Yerwa, wadda ta zo karɓar maganin hawan jini kawai. Hannu ya ci karo da abu mai tauri. Falmata ta ce ruwan nono ne ya kwanta tun yayen autanta, ta tashi a fusace. Ranar Lahadi bayan coci Salomi ta bi ta gida. An ba ta tabarma, ba a ba ta fuska ba. Ta yi ta komawa, har Alhaji ya fito da kansa ya tambayi abin da take nema.

"Alhaji, ban ce ciwon daji ba ne. Na ce a duba tun tana iya zuwa da ƙafarta."

Aka duba, shi ɗin ne. Aka cire nonon, aka hana Falmata maiƙo da zaƙi, ta zube sosai.

Sista, ke ce wadda ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma iya sakin mutum ba. Na sha jin haushinki kan layin da kike tara mini a taga. Yau na ce mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu tasowa, kar ku tsaya a abin da mara lafiya ta ce ya kawo ta.

Ranar walimar sallamar Sista Salomi, Falmata ta zo, lafaya na mata yawa a jiki. Wata tsohuwar ƙawarta ta riƙe baki, ta tambaye ta a hankali ko Alhaji ya karye ne, ta lalace haka. Falmata ta dube ta.

"Duk Yerwa haka ake cewa. Ku yi ta faɗa, ai da rai nake jin ku."