Doña Eduviges, Mai Ƙirga Jifan 'Ya'yanmu

Kafin rana ta yi zafi, Doña Eduviges ta riga ta sha kofinta, ta hau acaɓa zuwa filin besbol na unguwarmu, wasan nan na jifan ƙwallo a buge ta da kulki, bayan tsohon injin sukari. Kujerarta ta roba tana bayan raga, daidai inda ƙwallo ke sauka. Nan take zama da fensir tana rubuta kowane jifa na yaranmu. Tun ina budurwa nake ganinta a wurin. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin saboda idonta ya yi rauni, ni kuwa tun da na ji, gabana bai daina faɗuwa ba.

Wanda bai haifi mai jifa ba ba zai gane tsorona ba. A nan San Pedro, yaron da ya kai shekara sha takwas ƙungiyoyin Amurka ba su ɗauke shi ba, sai a ce ya tsufa. Shi ya sa yaranmu ke ɓoye ciwo, ko uwarsu ba sa gaya wa.

Ɗana Wilkin yana sha shida lokacin. Wasa bayan wasa yana ci, na'urar auna gudun ƙwallo sai yabonsa take yi. Kowa lambobin nan biyu yake kallo, nasara da gudu. Ana saura kwana kaɗan masu zaɓen 'yan wasa su zo, sai Doña ta tare ni a bakin fili.

"Yokasta, zo nan. Yaronki ba lafiya."

Na ce, "Haba Mama, wanda ya ci wasa jiya?"

"Abokansa ne suka ci masa. Idan mai jifa ya kuskure saiti sau huɗu, ba mai kulki wucewa yake yi kyauta ba? To da can da ƙyar Wilkin yake ba mutum ɗaya kyautar nan. Yanzu rabawa yake yi kamar alewa, kuma da wasa ya yi nisa sai ƙwallonsa ta riƙa tashi sama. Gwiwar hannunsa ce, 'yata. Ƙarfin yana nan, saitin ne ya tafi."

In ya zauna, masu zaɓe su tafi da 'ya'yan wasu. In ya jefa, jijiya ta tsinke. Na tambaye shi a gida, ya rantse ƙalau yake, alhali da hagu yake cin mangunsa, dakakkiyar ayabar nan tamu.

Ranar da baƙin suka zo, mai horarwa Radhamés ya sa sunan Wilkin a farko. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. Doña ta naɗe kujerarta, ta soke fensir a gashinta. A ƙa'idar gasarmu, wasan da ba mai rubutawa ba wasa ba ne.

Radhamés ya ce, "Tsohuwa, yau kuma likita kika zama? Za ki toshe wa yaro arzikinsa!"

Ta ce, "Radhamés, miƙe min hannunka na dama mu gani."

Duk mun san hannun nan bai sake miƙewa ba tun yana saurayi, kuma ita ce ta rubuta jifansa na ƙarshe. Ya sunkuyar da kai, ya kira wani yaro.

Da muka kai Wilkin asibiti, likita ya ce jijiyar ta fara yagewa, saura ƙiris. Ba a ɗauki Wilkin ba, a shekarar ko bayanta. Ya daɗe ba ya gaishe da Doña, wasu ma har yau suna cewa ta kashe masa kasuwa. Ba ta taɓa kare kanta ba.

Ke ce idon da ba ya rawa, Doña. Ke ce kika yarda a tsane ki don yaro ya tsira da hannunsa. Jiya na ga Wilkin ya cilla 'yarsa sama da hannun dama ya cafe, sai da na juya baya na share hawaye. Na gode, Mama, Allah ya saka miki.

Amma ku mutanen unguwa, ina tsoro. Autana Yeison ya fara jifa, kuma ɓoye ciwo ya fi yayansa iyawa. Don Allah wani ya je ya zauna kusa da ita kafin wata ya ƙare, ya koyi abin da take ƙirgawa. Idan ba wanda ya je, ni zan je. Na riga na sayi fensir.