Milunka da Ƙauyen da Ba Ya Kuka Gaban Baƙo

Shekara talatin da ɗaya Milunka ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyenmu na gabashin ƙasar Sabiya, kafin a rufe gidan waya. Babu gidan da ba ta san cikinsa ba. Ta san wanda 'ya'yansa suka tafi ci-rani suka daina aike, ta san wanda rijiyarsa ta yi ja tun da aka faɗaɗa ramin haƙar tagulla, ta san wadda ke hira da kajinta don babu mutum.

Shi ya sa da masu bincike na jami'a suka zo neman mai zagawa da takardar tambayoyi, kowa ita ya nuna. So suke su gano yadda kaɗaici da gurɓataccen ruwa da rashin motar haya ke taɓa kwanciyar hankalin mutane. Ƙauyen da amsoshinsa suka fi nuna damuwa, za a riƙa turo masa ma'aikaciyar jinya mai kula da masu ciwon damuwa duk Laraba. Sharaɗin ɗaya ne: abin da mutum ya faɗa za ta rubuta, ba abin da ta sani ba.

Saboda maƙwabcinta Vukashin ta karɓi aikin. Tun da matarsa Zorka ta rasu tsohon bai aske gemu ba, bai hura murhu ba, wani lokaci sai ta tarar da shi a bakin rijiya ya ƙura wa ruwan ido. Abin yana ba ta tsoro ƙwarai.

To amma mutanenmu! A wurinmu ba a tarbar baƙo da kuka, kuma duk wanda ya shigo da takarda a hannu baƙo ne, ko da tare kuka yi rarrafe.

"Kawu Vukashin, a sati biyun nan, sau nawa ka ji duniya ta ishe ka?"

"Ni? Ko sau ɗaya."

"Haba Kawu! Ranar Lahadi fa ka ce min gara ka bi Goggo Zorka ka huta."

"Ke na gaya wa, ba takarda ba. So kike a karanta a birni cewa 'ya'yana sun yar da ni?"

"Ba a sa suna fa."

"Sai ki nuna min wani tsoho mai shekara saba'in da tara a layin nan. Rubuta lafiya lau, sarkin naci."

Ta rubuta. Gida arba'in da uku ta shiga, gida arba'in da uku suka gode wa Allah. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma takardar ba ta da gurbin fuska. Ta yi tunanin gyara amsoshin da kanta, sai dai matar da ba ta taɓa buɗe wasiƙar wani ba, ba za ta iya sa wa mutum magana a baki ba.

Da sakamako ya fito, wani gari aka tura ma'aikaciyar jinyar. Mu kuwa aka ce mun fi kowa kwanciyar hankali a gundumar, har wata matashiyar mai bincike, Dakta Tiyana, ta ce za ta zo ta gano sirrinmu.

Milunka ta ce to, madalla, yanzu ido zai ga abin da takarda ta ɓoye. Kuskurenta ɗaya, ta sanar da Vukashin cewa gobe za ta kawo masa baƙuwa, don ba a faɗo wa dattijo haka kawai.

Washegari, tun daga ƙofa Milunka ta hango hayaƙi yana tashi. Tsohon ya yi aski har ya yanke haɓa, ya sa kwat ɗin zuwa coci, ya jera kofi da cokalin slatko, wato 'ya'yan ceri da aka dafa da sukari don tarbar baƙi, da ruwan sanyi. Awa guda yana ba Dakta Tiyana dariya da labarin zamanin da yake soja, ita kuma tana ta rubutu.

Da ya rako su bakin ƙofa, sai ya riƙe hannun rigar Milunka. Ya jingina da bango don gajiya. Ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ban dai kunyata ki ba ko?"