Dusar da Baba Ya Binne

Sa ɗaya muka tsira da shi daga Geskeru. Sauran shanun, mutanen da ba a kiran sunansu sun kora su. "Yaran daji" muke cewa, shi ma ƙasa-ƙasa. Baba ya turke san a bayan bukkarmu a sansanin gudun hijira na Asaga, ya ce in ya yi ƙiba za a sayar, mu kama ɗaki a cikin Difa, nesa da bakin kogin Komadugu. Ni da ko tukunya ta faɗi sai in zabura, na fi kowa ƙosawa san nan ya cika.

A lokacin, tara buhuna abin tsoro ne. In yaran daji suka ji, za su zo. In maƙwabci ya gani, yana iya kai ƙara wai su kake ajiye wa. Shi ya sa da Baba ya samu dusa da tunkuza, sai ya haƙa rami cikin bukka ya binne, ya shimfiɗa tabarma a kai. Damina ta sauka, laima ta bi ta ƙarƙashi.

Ranar da ya buɗe ramin, wari ya buge ni. Dusar ta dunƙule, fumfuna kore-kore ta lulluɓe ta. Na ce a zubar. Ya ce ni da ko akuya ban taɓa kiwatawa ba, ni zan koya masa? A shanya a rana, a murje, a barbaɗa kanwa, ai cikin dabba ba irin na mutum ba ne. Na shanya ina ƙunƙuni.

San ya ci, amma maimakon ya cika sai tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito. Zawo ya kama shi, ya rage tuƙa, farin idonsa ya koma rawaya. Kullum da safe shi nake fara leƙawa.

Da likitan dabbobi ya zo zagaye, maƙwabta suka kewaye mu. Ya duba idon, ya tambayi inda muke ajiye abincinsa. Baba ya kalli taron, ya ce ba ma ajiya, kullum awo yake yi a kasuwa. Haushi da tsoro suka haɗe mini. Na bi likitan har bakin mota na faɗa masa gaskiya. Ya ce guba ce fumfunar ke saki, rana ba ta kashe ta, kuma hanta take ci a hankali. A daina ba shi yau ɗin nan, ko da yake ya yi nisa.

Baba ya daina yi mini magana, wai na tona mu ga ma'aikacin gwamnati. Duk motar da ta rage gudu a kan kwalta, sai mu miƙe tsaye. Ba wanda ya zo.

San ne ya durƙushe, ya kasa tashi. Aka kira mahauci da gaggawa kada ya zama mushe. Da ya ciro hantar, ga ta rawaya, ta yi tauri kamar busasshen sabulu. Ya girgiza kai, ya ce ba zai kai wannan nama kasuwa ba. Nan maganar ɗaki a Difa ta mutu.

Baba ya tsuguna, ya daɗe yana kallon hantar, sannan ya ce mini, "'Yata, da hannuna na ba shi, safe da yamma. In ya ƙi ci, har lallashinsa nake yi."