Kurfoti a Ɗakin Baba

Mahaifina tsohon ɗan sanda ne na zamanin Turawa, mutumin Bawku, kuma 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni na riƙe jinyarsa a gidanmu na unguwar Nima a birnin Ankara, da yake aurena ya mutu na dawo gida. Da sassafe in yi masa wanka, in shafe shi da man kaɗanya, in juya shi kada bayansa ya yi gyambo, sannan in ɗauki koko da ƙosai in fita bakin titi inda motocin haya ke tsayawa. Ƙanwarsa, Gwaggo, ita ke zama da shi har in dawo.

Babban ƙorafin Baba sanyi ne. Mutanen arewa suna raina sanyin Ankara, amma in damina ta kankama iskar teku tana shiga ƙashi, kaya ba sa bushewa, tabarma har fumfuna take yi. Tsohon ɗakinsa kuma duk kafa ne, ruwa na ɗiga, iska na kaɗa labule. Yayana birkila ne, abin ya dame shi. Ya shafe ɗakin da siminti ciki da waje, ya toshe tsakanin bango da kwano, ya sa ƙofa mai kamawa tsam, tagar katako kuwa ya buga mata ƙusa saboda ɓarayi. Maƙwabta har leƙowa suke yi suna sa masa albarka. Ni ma na yi ta fankama da ɗakin, in na sami mai saurare.

A can gida, in tsoho na jin sanyi, garwashi ake kai masa ɗaki, haka kowa ya taso ya gani. Gwaggo kuma gwana ce a wannan. Sai ta hura gawayi a kurfoti, ɗan murhun ƙarfe, a tsakar gida, ta yi ta fifita har hayaƙi ya ƙare kaf, garwashi ya yi ja, sannan ta shigar. Ta kan ce hayaƙi ne ke cutar da mutum, wuta mai tsabta ba ta komai. Babu wanda ya taɓa yi mata musu, don a ɗakin ciyawa na Bawku, da ma a tsohon ɗakin Baba mai kafofi, ba ta taɓa yin komai ɗin ba.

Ranar da abin ya faru ruwa ya kore mini masu saye, na tattara kayana na dawo tun hantsi. Tun daga bakin lungu na kan jiyo muryar Gwaggo, don matar nan ko ita da bango aka bari sai ta ba shi labari. Ran nan shiru. Na yi sallama a ƙofar Baba, ba a amsa ba. Na sake yi, na buga. Na sa kafaɗa na banke ƙofar.

Ɗumi ya buge ni a fuska. Ba hayaƙi, ba wari, ɗakin tsaf, garwashi na ci a hankali kusa da gado. Gwaggo ta zame daga kujera, kanta a jikin bango, carbi a hannunta, amai a kan zaninta. Baba kuwa yana kwance kamar mai barcin daɗi, leɓɓansa sun yi ja, fuskarsa ta yi kyau irin wanda ban gani ba tun kafin ciwon, kuma wannan kyan ya fi komai ba ni tsoro. Na girgiza shi, hannunsa mai lafiya ya faɗo ya reto a gefen gado. Na kasa kunne a ƙirjinsa, sai bugun zuciyata kawai nake ji. Kafin in miƙe kaina ya fara sara, ƙafafuna suka yi sanyi. Na je in buɗe taga, na tuna da ƙusoshin.

Ban san me ke faruwa ba. Abin da na sani kawai shi ne ɗakin yana so ya kwantar da ni kamar yadda ya kwantar da su. Na kama tabarmar gadon da Baba a kai na ja ƙasa, kansa ya bugi daɓe, na yi ta ja da baya ina kiran mutane. Maƙwabciyarmu mai dokunu, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye, wata 'yar ƙabilar Ga ce ƙaƙƙarfa, ta shiga ta saɓo Gwaggo kamar buhun masara ta ajiye ta a rumfa, ruwa na fesa musu.

Nan da nan gida ya cika. Wani dattijo da ke hayar ɗakin ƙofa ya duba su ya ce, "Wannan aikin iskoki ne. Mutum biyu lokaci ɗaya? A mai da tsohon ciki, a rufe, a sa masa turare a wutar." Har wata ta tafi ɗauko turaren. A daidai lokacin mai dokunu ta taɓa ni ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Duba, maame ya buɗe ido. Waje ne ya taimake shi." Gwaggo ce take nufi, ga ta tana tari tana lalube. Ina da baki, kowa a lungunmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai ran nan. Na tare ƙofar na ce duk wanda ya mai da ubana ɗakin nan sai ya bi ta kaina. Na fito da kurfotin na kife shi a cikin ruwa.

Mota ba ta shiga lungunmu. Maza suka ɗauki Baba a bargo, muka bi ta bayan gidaje, muka hau katakon da aka gitta a kan babbar kwata, ruwa na gudu a ƙasa, katakon na santsi. Ina biye ina riƙe da ƙafarsa, ina jin ko da sauran ɗumi. A cikin tasi ya ja wani numfashi mai ƙara, sannan ya yi shiru har na ce shi ke nan, sannan ya sake ja. Haka muka yi ta yi har asibiti, kowane shiru sai na ji kamar raina zai fita.

Wata nas ce ta gaya mana cewa garwashi, ko babu hayaƙi, yana fitar da wata guba da ba a gani ba a sansana, in ɗaki ba mafita sai ta taru. Yayana ya iso asibitin ya ji wannan bayani. Ya koma gida ya ɗauki guduma ya fasa bangon da ya shafe da hannunsa, sama da ƙasa, ya cire ƙusoshin taga, yana yi yana share ido da hannun riga.

Baba ya dawo da rai, amma harshensa ya ƙara nauyi, sanyi kuma ya dawo ɗakin. Na koma cika kwalabe da ruwan zafi ina naɗe su da tsumma ina jera masa. Wata rana da yamma, ana yayyafi, ya kira ni da sunan da yake kirana in yana son abu, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, ɗan garwashi. Kaɗan."

"Baba, ka yi haƙuri. Shi ne ya so ya kashe ka."

Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. "Ban ji ciwo ba ranar. Ɗumi na ji. Ke kika fitar da ni cikin ruwa."

Na dubi Gwaggo, na ga idonta ya cika, na san in ya roƙe ta haka ba na nan, zuciyarta ba za ta iya ba. Tsoro ya kama ni fiye da na ranar da na banke ƙofa. Washegari na haɗa kurfotin gidan duka biyu a cikin kayan kokona na tafi da su bakin titi, haka kuma na yi ta yi kullum. Baba ya ga fitata da su ta tagar da aka buɗe. Har damina ta wuce bai ƙara karɓar koko daga hannuna ba, sai Gwaggo ta ba shi.