Malamin Lissafin da Muka Zarga da Bugun Ƙasa

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa da dama daga ka, amma ranar da na tafi kama malamin lissafi da laifin bugun ƙasa, ita kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Ubangijina.

A lokacin ina zaune a Aujara. Ban yi nisa a boko ba, ajami ne abin hannuna, shi ya sa duk wasiƙar da mai unguwa zai aika ni nake rubutawa, in karanta masa ya ji, sannan a ba wani ya juya ta zuwa boko. Sai aka turo wa makarantar sakandarenmu wani malamin lissafi, Kirista ne daga wajen Filato, siriri, mai yawan gaisuwa. Yawan gaisuwar ma sai da muka yi mata fassara.

Bai daɗe ba magana ta fara yawo. Aka ce yana fitar da ɗalibai gindin maina, ya share ƙasa da tafin hannu, ya riƙa ɗiga ɗigo layi-layi da yatsa, yana ware waɗanda suka tashi bibbiyu da waɗanda ɗaya ya rage. Duk wanda ya taɓa ganin mai duba yana aikinsa ya san haka suke yi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, wai in ya gama sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan Allah ne ya ajiye shi."

Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Malam, ɗauko alƙalaminka. Lissafi aka turo shi ya koyar, ba duba ba. Kuma me ya haɗa lissafi da sunan Allah a bakin wanda ba ya alwala? A rubuta wa hukumar ilimi a Dutse su ɗauke abinsu."

Na rubuta, kuma na tsara ta da kyau, don ni ma zuciyata ta gama yanke masa hukunci. Na san takarda irin wannan tana iya raba mutum da aikinsa, ban damu ba. Sai da na zo wurin sa sunana a matsayin shaida, hannuna ya tsaya, domin an karantar da mu cewa ba a shaida a kan abin da ido bai gani ba. Na naɗe takardar na sa a aljihu, na nufi gidan da yake haya. Ba wanke shi na tafi yi ba, kama shi na tafi yi.

Bayan la'asar ne, lokacin kaka. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa a faranti. Ya miƙe da sauri ya ba ni tabarma. Ban bari gaisuwa ta yi tsawo ba na ce, "Malam, wa ya koya maka bugun ƙasa?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai ya yi dariyar da ta ƙara min zargi. Ya ce, "Baba, in da na iya duba, ai da na san za ka zo na dafa shayi. Tara min ɗaya da uku."

Na ce huɗu. Ya ce in ƙara biyar, na ce tara. In ƙara bakwai, na ce sha shida. Lambobin da yake ba ni duk wutiri ne, wato waɗanda in ka raba su biyu ɗaya yake ragewa. Ya nuna min cewa huɗu layi biyu ne na bibbiyu, tara layi uku na uku-uku, sha shida layi huɗu na hurhuɗu. Ya ce in na faro daga ɗaya, duk inda na tsaya da haɗa wutiri a jere, abin da zan samu zai jeru tsawo da faɗi daidai.

Na ce, "Har zuwa nawa?"

Ya ce, "Ba iyaka, Baba."

A raina na ce yauwa, na kama shi. A fili kuwa na ce, "Ka ƙirga har ba iyaka ne? Wanda ya ce ya san abin da bai ƙirga ba, ai gaibu yake da'awa."

Bai yi musu ba. Ya share ƙasa da tafinsa, daidai yadda aka kwatanta mana, har na ɗan janye ƙafata ina neman tsari. Ya jera gyaɗa tara, uku-uku, ya turo min farantin ya ce, "Mai da su layi huɗu na hurhuɗu da hannunka."

Na sa uku a gefen dama, na sa uku a ƙasa, sai kusurwa ta rage, na cike ta da ɗaya. Bakwai ke nan. Ya ce in ƙara faɗaɗawa. Huɗu a dama, huɗu a ƙasa, ɗaya a kusurwa, tara. Na miƙa hannu zan ɗebi na gaba, sai na tsaya da gyaɗar a tafina. Na ga abin. Gefe biyun kullum daidai suke, shafa'i ke nan, wato sun rabu biyu ba ragowa, ƙwayar kusurwa ita ke mai da su wutiri, kuma kowane zagaye ya fi na baya da biyu. Ko gyaɗar Jigawa duka aka kawo, ba yadda za a yi ya saɓa. Ban ƙirga ba, amma na sani. Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba.

Ya ce, "To, Baba, kai ma ka kira Shi. A rubuta wa Dutse a kanka?"

Ashe labarin takardar ya riga ni zuwa. Kunya ta kama ni, amma ban sake shi ba, na ce shi me yake nufi in ya ce Allah ne ya ajiye shi. Ya ce, "Ba ni na yi shi ba. In da ni na yi, da zan iya canza shi. Kafin a haifi wanda ya fara ƙirga, haka yake. Wani lokaci mutum zai cika takarda biyar yana neman hujja, sai wani ya zo ya nuna ta da gyaɗa tara. In ka ga irin wannan, ji kake kamar ajiye ta aka yi, kai tsinta kawai ka yi. Har masanan da ba sa zuwa coci ko masallaci sukan ambaci Allah a nan, don sun rasa wata kalmar."

Wannan ta ƙarshen ban gama yarda da ita ba har yau. Ni a ganina ba kalma suka rasa ba, harshe ne yake riga zuciyarsu faɗin gaskiya. Na gaya masa haka, ya ce shi ma yakan yi wannan tunanin.

Daga nan gidan mai unguwa na wuce da gyaɗa cike da hannu. Shi sai da ya jera har layi shida kafin ya ɗago, ya ce, "To ai sai ya riƙa yi a allo, ya bar mana ƙasa." Haka aka yi. Takardar kuwa ban yaga ta ba, tana nan cikin gafakata, wurin sunan shaida babu kowa.

Abin da na koya shi ne, na san kamannin bugun ƙasa sarai, kuma sanin nan ne ya kusa sa in zalunci bawan Allah. Tun daga ranar, in aka ce min wane yana yin kaza, ba na tsoma alƙalami a tawada sai na je na zauna a tabarmarsa, ya turo min farantin na jera da hannuna.